Tarihin Birki da Asalin Karkarwar A-Kori-Kura

Tun ranar da ɗan Adam ya ɗora kaya a kan ƙafa mai juyawa, ya kuma gane cewa abin da ke gangarowa daga kan tudu ba ya jin kira ko tsawa, mas'alar tsayawa ta zama tagwaye da mas'alar tafiya, ko da yake masu ba da tarihin mota sun saba cika littattafansu da yabon inji da gudu, su bar zancen birki a ƙarshen shafi. Ga shi kuwa a yau, daga manyan garejojin Amurka har zuwa rumfunan makanikai na Kano da Kaduna da Maraɗi, akwai kuka guda da ma'abuta a-kori-kura suka yi tarayya a cikinsa: mutum ya taka birki yana cikin gudu, sai sitiyari ya kama rawa a hannunsa, abin takawar ya riƙa harbin tafin ƙafarsa, ya kai wa makanike a ce masa faifan birki ya lanƙwashe, a sassaƙe shi ko a sa sabo, ya biya ya tafi yana hamdala, bayan 'yan watanni kuma ciwon ya komo kamar ba a taɓa yi masa magani ba. Wanda ke son fahimtar sababin wannan komowa lalle ne ya bi sawun birki tun daga mafarinsa, domin kusan kowane gyara da magabatan sana'ar suka yi ya warkar da wata illa ne, ya kuma haifar da wata.

Asalin al'amarin dai shi ne, ƙarfin da ke cikin mota mai gudu ba ya ɓacewa don direba ya so ta tsaya. Dole ne a mai da shi wani abu, kuma abin da birki ke mai da shi shi ne zafi, ta hanyar gugar abu biyu da juna. Masana lissafi sun tabbatar da cewa idan nauyin mota ya ninka zafin ya ninka, amma idan gudunta ne ya ninka, zafin da birki zai haɗiye ya zama ninki huɗu. Motocin farko sun gaji birkinsu ne daga keken doki, wato guntun katako da ake dannawa a jikin ƙafa da sanda. A shekarar 1888, sa'ad da Bertha Benz ta ɗauki motar mijinta ta yi tafiyar kimanin kilomita 100 daga Mannheim zuwa Pforzheim a ƙasar Jamus, katakon ya cinye a hanya, har ta sa wani baduku ya buga masa fata. Ba da jimawa ba wani Bature mai suna Herbert Frood, mazaunin lardin Derbyshire mai yawan duwatsu a Ingila, ya mai da wannan dabara sana'a. Ya kafa kamfanin da aka sani da Ferodo a 1897, ya fara da saƙar auduga da aka jiƙa da wani irin danƙo, daga baya a 1908 ya koma ga asbesto, wani ma'adini mai zare wanda wuta ba ta cinsa.

A shekara ɗaya, wato 1902, aka haifi tafarkuna biyun da har yanzu duniya ke bi. A Faransa Louis Renault ya fitar da birkin ganga, wanda a cikinsa takalma biyu masu siffar jinjirin wata suke buɗewa su tokare cikin wata gangar ƙarfe mai juyawa tare da ƙafa. A birnin Birmingham kuwa Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai, inda ake matse wani faifan ƙarfe daga ɓangarorinsa biyu. Hikimar Lanchester ta riga zamaninta, gama abin da ya samu na matsewa jan ƙarfe ne, wanda ke yin ƙara mai tsinka kunne, ƙurar hanyoyin wancan lokaci kuma ta cinye shi nan da nan, alhali ganga a rufe take, yashi da laka ba su kai ga cikinta da sauƙi. Saboda haka ganga ta yi rinjaye har shekara hamsin. Abin da aka ƙara mata mafi girma shi ne man birki, dabarar Malcolm Loughead na Amurka, wadda kamfanin Duesenberg ya sa a ƙafafun motarsa huɗu a 1921, ko da yake Henry Ford, saboda tsananin riƙonsa da abin da ya saba, bai yarda motocinsa su bar sanduna da wayoyin ƙarfe ba sai a 1939.

Ganga tana da falala wadda tsofaffin makanikai ba su manta ba, ita ce haƙuri: ko an ɗaura ta da ɗan karkata, ko cikinta ya ɗan ci, takalman suna janyewa nesa da ita idan an saki birki, sai ta yi ta tafiya ba tare da ƙorafi ba. Amma tana da aibi mai halakarwa. Da yake a rufe take, zafin da ta tara ba ya samun mafita. Idan gangara ta yi tsawo sai ƙarfen ya buɗe ya nisanci takalman, fuskar takalman kuma ta yi santsi don ƙuna, har direba ya kai ƙafarsa ƙasa motar ba ta ko waiwaye shi ba. Tsofaffin direbobin manyan motoci na ƙasarmu sun san wannan musiba sarai, shi ya sa kowace mota take da yaronta riƙe da waji, kuma shi ya sa ake koya wa sabon direba, tun kafin a koya masa gudu, cewa giyar da ya hau tudu da ita da ita zai sauko.

Wannan aibi ne ya sa aka tono tsohuwar dabarar Lanchester. Jiragen sama na Yaƙin Duniya na Biyu sun bukaci birkin da zai tsai da nauyi mai yawa a ɗan gajeren fili, kamfanin Dunlop na Ingila kuma ya ƙware a wannan fanni, sa'an nan ya haɗa kai da Jaguar aka mai da ilmin kan mota. Hujjar da ta rufe bakin masu musu ta zo a 1953, a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, inda Jaguar mai birkin faifai ta yi nasara, domin direbobinta suna iya jinkirta taka birki har su kusa kwana, dare da rana, ba tare da birkin ya gaji ba. Bayan shekara biyu, a 1955, Citroën ta sa faifai a gaban motarta DS wadda ake sayar wa jama'a. Sirrin kuwa a bayyane yake: faifai a fili yake iska tana dukansa, idan ya yi zafi ya kumbura sai ya ƙara kusantar takalmansa maimakon ya guje su, ruwa kuma ba ya zama a kansa. Sai dai akwai sharaɗin da ya zo da shi wanda ba a lura da nauyinsa ba a lokacin, wato takalman faifai ba su yin nesa da shi ko da an saki birki. Tsakaninsu da shi 'yar rata ce wadda ido ba ya gani, don haka duk wata 'yar karkata tasa sai sun ji ta.

A-kori-kura ta jima kafin ta shiga wannan sabon zamani. A Amurka, inda ta fi ko'ina daraja, Ford ya fara sayar da ita a haɗe daga masana'anta a 1925, jerin motocinsa masu harafin F kuma suka fito a 1948, kuma a duk tsawon wannan zamani motar manomi ce da magini, mai tafiya a hankali a hanyar gona, wadda ganga ta ishe ta. Sai a farkon shekarun 1970 faifai ya zama ƙa'ida a ƙafafunta na gaba, Chevrolet ta yi haka a 1971, sauran suka biyo. Daga nan ne halin motar kansa ya sauya. Ta bar gona ta shiga birni, aka ƙara mata ƙofofi da kujerun iyali da na'urar sanyaya ɗaki, har ta zama tun daga farkon shekarun 1980 babu wata mota da ake saye a Amurka kamar a-kori-kurar Ford. Babbar a-kori-kura ta yau takan wuce tan biyu ba kaya, wasu kuma an halatta musu jan tan biyar ko fiye, na jirgin ruwa ko ɗakin kwana ko keken dawaki, a kan titunan da ake gudun fiye da kilomita 100 a awa. Galibinsu kuma masu giyar da ke canza kanta ne, wadda ba ta riƙe mota a gangara sai direba ya tilasta mata, sai ya zama dukan nauyin ya koma kan birki, mafi yawansa kuma kan faifai biyu na gaba.

A daidai lokacin da kaya ke ƙaruwa, abubuwa uku suka faru ga faifan kansa. Na farko, tsadar mai da ta biyo bayan takunkumin ƙasashen Larabawa na 1973 ta sa gwamnatin Amurka ta kafa dokar tsimin mai a 1975, masu ƙera motoci suka shiga rage nauyi duk inda suka samu dama, faifan birki kuwa ƙarfen zubi ne mai nauyi, wanda amfaninsa yake cikin kaurinsa, domin kaurin ne rumbun da zafi ke taruwa kafin iska ta kwashe shi. Na biyu, a dā faifai da cibiyar ƙafa abu ɗaya ne da aka zuba tare aka sassaƙa tare, amma sannu a hankali aka raba su, faifai ya zama kamar hula da ake kifawa a kan cibiya, notocin taya ne kaɗai ke riƙe shi. Wannan ya sauƙaƙa canji ya rage kuɗi, amma ya mai da daidaiton faifai amana a hannun duk wanda ya kwance taya. Na uku, likitoci sun tabbatar cewa ƙurar asbesto tana jawo cutar huhu da ciwon daji, makanikai kuwa su ne ke busa ta suna shaƙa, sai aka bar shi aka koma ga takalma masu garin ƙarfe ko haɗin yumɓu, waɗanda wasunsu ke cin faifai da sauri, wasu kuma ke aiki ta hanyar shafa masa wani siririn rufi daga jikinsu. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan an yi shi ne da kyakkyawar niyya da hujja karɓaɓɓiya, amma da suka haɗu sai suka ƙuntata iyakar kuskuren da birki zai iya yafewa.

A gareji kuma wata al'ada ta kafu wadda ta zo daidai da wannan rauni, ita ce ɗaure noti da bindigar iska. Na'ura ce mai albarka ga mai gaggawa, amma ba ta da mizani: noti ɗaya ta ɗaure shi fiye da kima, na kusa da shi ta bar shi ƙasa da kima, faifan da ke tsakanin taya da cibiya kuwa ya ɗan karkace bisa ga wannan rashin adalci. Haka nan tsatsa, musamman a jihohin arewacin Amurka da Kanada inda ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, takan taru a fuskar cibiya, sai a kifa sabon faifai a kanta ba a kankare ba, ya zauna a karkace tun ranar farko.

Yadda karkata ke rikiɗa ta zama karkarwa shi ne muhallin da mafi yawan mutane suke ruɗewa. Faifan da ya zauna a karkace ba ya girgiza mota nan take, domin muƙamuƙin da ke riƙe da takalman yana iya zamewa ya bi shi dama da hagu. Abin da ke faruwa shi ne, a kowane juyi na ƙafa, ko da direba bai taɓa birki ba, wurin da ya fi tasowa yakan shafi takalmi sau ɗaya, juyi bayan juyi, sau miliyoyi, har wurin ya ɗan sirance ko ya ɗan tara rufi fiye da sauran. Bayan kilomita dubu kaɗan sai faifan ya zama ba kaurinsa ɗaya ba, wani wuri kauri wani wuri siriri, kuma a nan ne idan an taka birki wurin mai kauri ke ture takalman baya, man birki ya kai saƙon ga ƙafar direba, riƙon ƙafar motar ya riƙa ƙaruwa yana raguwa, sitiyari ya ɗauki rawa. Ƙanƙantar abin ita ce abin mamaki: masu ƙera motoci da yawa ba su yarda karkata ta wuce kimanin kashi biyar cikin ɗari na milimita ba, wato ƙasa da kaurin silin gashi, bambancin kauri kuwa wanda bai kai rabin wannan ba ya isa direba ya ji shi. Idan a sitiyari rawar ta fi, galibi ciwon a gaba yake. Idan a kujera, a baya. Idan kuwa mota tana rawa ba a taka birki ba, to a nemi laifin a tayoyi.

A kan hukuncin wannan ciwo malaman sana'ar sun yi saɓani. Mazhabar jama'a, wadda aka gada daga zamanin da ake ganin ganga ta buɗe don zafi, ita ce wuta ce ke lanƙwasa faifai. Wani injiniyan motocin tsere na Amurka mai suna Carroll Smith, wanda ya yi aiki a tawagar Ford da ta ci Le Mans a shekarun 1960, ya yi raddi mai ƙarfi ga wannan ra'ayi, inda ya tafi a kan cewa mafi yawan abin da ake kira lanƙwasa rufin takalmi ne da ya zauna ba daidai ba. Misalinsa sananne ne: direba ya sauko gangara birki ya yi jawur, ya tsaya cak ya bar ƙafarsa a danne, sai takalmin ya bar hatiminsa a wuri ɗaya, wurin nan ya riƙa fin sauran zafi, idan kuma zafin ya haura kimanin digiri 650, ƙarfen zubin da ke ƙarƙashinsa ya sauya ɗabi'a ya taurare, ya ƙi cinyewa tare da maƙwabtansa. Masu tahaƙiƙi daga baya sun tsaya a tsakiya, suka ce zafi mai tsanani yana iya karkatar da siririn faifai haƙiƙatan, amma abin da direba ke ji a ƙafarsa kusan koyaushe bambancin kauri ne, ko daga ina ya samo asali.

Da wannan bayani sirrin komowar ciwon ya warware. Wanda ya cire faifai ya kai injin sassaƙa ya gyara fuskarsa, sa'an nan ya mai da shi kan cibiyar nan mai tsatsa ko mai karkata, ya ɗaure da bindigar nan, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Hasali ma ya ƙara wa faifan rauni, tun da ya rage masa kauri, kowane faifai kuwa akwai iyakar sirantarsa da aka rubuta a jikinsa. Wanda ya sayi sabo bai bincika ko sandunan da muƙamuƙi ke zamewa a kansu sun cije ba, shi ma ya sayi jinkiri ne kawai. Saboda haka ne tun daga shekarun 1990 manyan kamfanonin Amurka suka riƙa umurtar wakilansu da su yi amfani da injin da ke sassaƙa faifai yana kan motar, don fuskarsa ta dace da juyin cibiyarsa, su auna karkata da agogon awo kafin su mai da taya, su ɗaure noti da sifana mai ma'auni, ɗaya bayan ɗaya a gicciye, kuma su hori sababbin takalma da tsayawa matsakaiciya sau da yawa a jere har rufin ya shimfiɗu daidai, kafin a ba su aiki mai nauyi.

Mu ma muna da rabonmu a cikin wannan tarihi. Tun da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, a-kori-kura ta zama jakin kasuwannin ƙauye, daga baya Toyota Hilux, wadda Japan ta fara fitarwa a 1968, ta gaje ta, da faifai a gaba da ganga a baya. Gishirin ƙanƙara ba namu ba ne, amma muna da lakar damina da ƙurar rani da ramukan da ke bugun cibiya, muna da lodin buhunan hatsi da fasinja a bisansu fiye da abin da aka ƙaddara wa motar, muna da gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos. Da yawa daga faifan da ake saye a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna sun riga sun yi rayuwa ɗaya a wata ƙasa kafin su iso, mai faci kuma, inda babu bindigar iska, yakan zura bututu a sifana ya hau kai da dukan nauyinsa, yana ganin ƙarin ɗauri ƙarin aminci ne. Makanikanmu sun gaji ilmi mai yawa na kunne da tafin hannu, wanda ya isa a zamanin ganga, amma babu yatsan da zai ji kashi biyu cikin ɗari na milimita. Agogon awo da sifana mai ma'auni kuwa kuɗinsu bai kai na faifai biyu ko uku da ake zubarwa a banza ba.

Tarihin bai tsaya ba tukuna. Motocin lantarki, har da a-kori-kurar lantarki da Ford ya fara sayarwa a 2022, suna rage gudu ne da injinsu su mai da ƙarfin cikin batir, faifai kuwa ya daɗe ba a taɓa shi ba har tsatsa ta hau shi, ta haifar da irin wannan karkarwa ta wata sabuwar ƙofa, abin da ya sa Volkswagen ta komar da ganga ƙafafun baya na wasu motocinta na lantarki. Kowace tsara ta makanikai za ta tarar da nata nau'in wannan mas'ala, kuma mai motar da aka ce wa faifansa ya lanƙwashe karo na biyu yana da haƙƙin ya tambaya, kafin ya zaro kuɗi, ko an kankare cibiya, ko an auna karkata, da kuma abin da aka ɗaure notocin da shi.